Wa ya biya gashin jimina? Fim ɗin « Tournée » a gaban littafin Colette

Akwai wani wuri cikin fim ɗin « Tournée », wanda Bafaranshen nan Mathieu Amalric ya fitar a shekara ta 2010, inda wata Ba'amurkiya mai suna Julie Atlas Muz take hawa dandali da wani ƙaton balan-balan. Tana rawa da shi, tana juya shi, can sai ta cusa kanta a bakinsa, kafaɗu su bi, ƙugu ya bi, har ta shige ɗungum, ƴan kallo suna hango ta cikin roba kamar ɗan tsako cikin ƙwai. Abin duka bai wuce ƴan mintoci ba. Zauren ya yi tsit, sannan ya ɓarke da tafi. To amma duk wanda ya taɓa hura ma yaro balan-balan ranar salla ya san abin da farce ɗaya yake iya yi masa. Guda nawa suka fashe kafin matar nan ta gano yadda za ta shiga ba tare da iska ta tsere ba? Wa ya saye su? A wane ɗaki ta yi ta gwaji, wa kuma ya biya hayar ɗakin? Fim ɗin ya kusa awa biyu, bai ce uffan a kan wannan ba, alhali kuwa littafin da Amalric ya ce daga cikinsa tunanin fim ɗin ya tsiro, wato « L'Envers du music-hall » na Colette, kusan ba shi da wani zance sai wannan.

Kafin a shiga ƙorafin, ya kyautu a warware kalmar da matan fim ɗin suke kiran sana'arsu da ita, wato burlesk. Asalinta Italiyanci ne, burla, ma'ana ba'a ko zolaya. Ɗalibin lise da ya yi adabin ƙarni na 17 ya gamu da ita wajen Scarron, wanda tun daga 1648 ya riƙa fitar da « Le Virgile travesti », inda ya ɗauko jarumai da allolin tsohuwar waƙar Rumawa ya sa musu bakin ƴan kasuwa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara. Ɗan kama yakan ari muryar mai wa'azi ko ta makaɗin sarki ya cika ta da zancen tuwo da miya, samarin Damagaram kuma a wasan kara sukan fito da kamannin manyan gwamnati, riƙe da kayan aikin da aka haɗa da karan dawa. Iyakar dangantakar ke nan, domin a Amurka kalmar ta kama wata hanya. A 1868 Lydia Thompson ta iso birnin Niyok daga Ingila da ayarinta na mata, suka yi wasan « Ixion », wanda ba'a ce ga wata tatsuniyar Girkawa, mata suna fitowa a matsayin maza cikin matsattsun kaya. Sannu a hankali ba'ar ta riƙa raguwa, tuɓe tufafi yana ƙaruwa, har ya zama shi ake zuwa kallo, har kuma magajin garin Niyok, La Guardia, ya ɗaura yaƙi da gidajen wasan daga 1937. Sana'ar ta yi dogon suma. Cikin shekarun 1990 wasu mata a Niyok da Los Angeles suka tashe ta, da sharaɗin da ya raba sabon burlesk da tsohon: kowace mace ita ke ƙirƙiro fitowarta, ita ke zaɓen kiɗa, ita ke tsara kayanta, babu maigidan da zai auna tsawonta ko ƙibarta kafin ya ce ta hau.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa yana iya ƙyamar sana'ar da ake tuɓe tufafi cikinta, kuma babu mai neman ya sauya ra'ayi. Sai dai tambayar wa ya sha wahala, wa ya zuba kuɗi, wa ya karɓi yabo, ta shafi duk mai hawa dandali, a nan kuwa ta fi fitowa fili, tun da mai aikin da mai jarin da kayan aikin duk mutum ɗaya ne.

Labarin fim ɗin ba shi da yawa. Amalric da kansa ya fito a matsayin Joachim Zand, tsohon mai shirya shirye-shiryen talabijin a Paris wanda ya ɓata da kowa, ya gudu Amurka, ya dawo da mata biyar da namiji guda domin su zaga garuruwan bakin teku, Le Havre, Nantes, La Rochelle, bisa alkawarin cewa a Paris za a rufe. Zauren da yake sa rai a Paris ya suɓuce masa. Ya bar ayarin a hanya, ya tafi roƙon tsofaffin abokan da ya ci amanarsu, ya dawo da rauni a fuska da ƴaƴansa maza biyu a hannu, ba zaure, ba kuɗi. Mutanen shida da yake jagoranta ba ƴan fim ba ne. Mimi Le Meaux, Dirty Martini, Kitten on the Keys, Evie Lovelle, Julie Atlas Muz da Roky Roulette sana'arsu ke nan ta yau da kullum, daga ƙungiyar Cabaret New Burlesque da Kitty Hartl ta fara haɗawa a Nantes a 2004, kuma an ɗauki fitowarsu a gaban ƴan kallo na gaskiya, a zaurukan garuruwan da aka ambata.

Dole a ba fim ɗin haƙƙinsa. Amalric da mai ɗaukar hotonsa, Christophe Beaucarne, sun ƙi zama a kujerar ɗan kallo mai haɗiyar miyau. Sau da yawa daga gefen dandali suke hango wasan, daga bayan labule, inda ake ganin gumi da igiyoyin fitila da wadda ke jiran a kira ta. Sun kama gajiyar otal-otal masu kama da juna, da kiɗan nan mara ɗanɗano da ke tashi a kowane zauren karɓar baƙi, wanda Joachim yake ta roƙon a kashe ba mai kula shi. Sun kuma bar ba'ar ta yi aikinta. Dirty Martini, wadda ta ci gasar Miss Exotic World a 2004, tana fitowa cikin kaya masu launin tutar Amurka, tana ciro takardun dala tana cusawa a baki, a wata fitowa da ta sa ma sunan dokar tsaron da gwamnatin ƙasarta ta kafa a 2001. A nan burlesk ya koma gidansu na asali, wajen Scarron da ɗan kama. Akwai ma wurin da Joachim ya nemi tsoma baki cikin tsarin wasan, matan suka tuna masa cewa nasu ne, shi madugu ne kawai.

Amma kowace fitowa ta iso Faransa a gama, a ninke cikin akwati. Fim ɗin ya nuna ana manna gashin ido na kanti, ana ɗaure igiyar riga, bai nuna inda rigar ta fito ba. Ga shi kuwa a nan ne mafi yawan aikin yake. Fitowa guda, abin da Faransawa ke kira numéro, mintoci ne kaɗan, tsawon waƙa ɗaya ko biyu, kuma a kan waƙar ake gina komi: a wane bugu safar hannu za ta fita, a wane shiru za a juya baya, a ina za a ba ƴan kallo damar dariya. Tela na gari yana ɗinka riga domin ta zauna a jiki. Telan burlesk sai ya ɗinka ta domin ta zauna daram lokacin rawa, ta kuma rabu da jiki a daidai bugun da aka so, da hannu ɗaya, ba tare da mai ita ta sunkuyar da kai ta duba ba. Saboda haka ake farke kayan kanti, a cire zif ɗin da ke iya cijewa, a sa maɓallai masu ɗanawa ko ƙugiyoyi a inda ido ba zai gani ba. Rigar ɗamara mai ƙarafa a ciki sai an auna jikin mai ita. Duwatsun gilashin da ke mayar da hasken fitila kuwa ɗaya bayan ɗaya ake manna su da gam, ana sayen su a ƙulli mai guda 144, kaya guda yana iya cin dubbai. Dare nawa ke nan a zaune, a sunkuye, ba mai tafi? Lokacin da kamfanin Swarovski ya ba da sanarwa a 2020 cewa zai daina sayar ma kowa da kowa irin waɗannan duwatsu, masu wannan sana'a da yawa sai suka koma ga na Preciosa, na ƙasar Cek, ko ga masu araha da ba su kai su ƙyalli ba. Shawarar da aka yanke a wani buro a Ostiriya ta sauko har kan teburin mace mai manna dutse da tsinke.

Bayan kaya akwai hayar ɗakin gwaji mai madubi, akwai mai yanka waƙar ya daidaita tsawonta, akwai mai ɗaukar hoton fitowar domin a aika ma masu shirya wasa, in ba haka ba ba wanda zai san an yi ta. Duk wannan daga aljihun mai wasan yake fita tun kafin a biya ta ko tamma ɗaya. Ladan dare guda sau da yawa ba ya kama ƙafar kuɗin kayan, sai an maimaita fitowar an sake maimaitawa kafin jari ya dawo, in ya dawo. Sabuwar fitowa caca ce: ana iya kashe watanni a kanta, a hau dandali, zaure ya ƙi dariya a wurin da aka ajiye masa.

Mafi tsada cikin kayan shi ne gashin jimina, kuma a nan mutumin Damagaram yana da ta cewa. Tun da Sally Rand ta yi suna a baje-kolin duniya na Shikago a 1933 da manyan mafitai biyu na gashin jimina, tana rufe jiki da ɗaya tana buɗewa da ɗaya, mafici ya zama tambarin sana'ar. Yana da nauyi, yana cin wuyan hannu, ba ya son ruwa, ba ya son matsi cikin akwati. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma ne ke ɗaukar irin wannan gashi daga Kano da Damagaram da Damargu, ya ratsa Abzin da Gat zuwa Tarabulus, daga can jirgi ya kai shi kasuwannin Landan da Paris, galibinsa ya ƙare a kan hulunan mata. Kyan gashin jiminar wannan yanki ya kai ga gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo mutane a 1911, ƙarƙashin Russel Thornton, su nemi irin, suka koma a 1912 da tsuntsaye fiye da ɗari. Kasuwar ta rushe a 1914. Yau daga gonakin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu mafi yawan gashin yake fitowa, a Paris gidan Février, wanda aka kafa a 1929, yana wanke shi yana rina shi domin Moulin Rouge, jiminar Sahel kuma ta kusa ƙarewa a daji, sai ragowar da ake kiwo a Kelle cikin jihar Damagaram. Idan gashin ya kaɗa a dandalin « Tournée », ido yana ganin laushi kawai.

Shekara guda kafin rushewar waccan kasuwa, a 1913, Colette ta buga littafinta. Ta san abin da take faɗi. Mijinta na farko, Willy, ya fitar da littattafan « Claudine » da ta rubuta da sunansa, bayan sun rabu kuma ya sayar da haƙƙinsu a 1907 ba da saninta ba. Ta koyi wasan ishara, wanda ba a magana cikinsa, wajen Georges Wague, ta ci abinci da shi daga 1906 zuwa 1912. A watan Janairun 1907 wasanta « Rêve d'Égypte » ya tayar da tarzoma a Moulin Rouge har ƴan sanda suka hana shi. Daga baya ta zaga garuruwan Faransa da wasan « La Chair », daga wannan tasha zuwa waccan. Matar da za ta shugabanci Académie Goncourt a 1949 ta daɗe tana shafa hoda a ɗakunan da ba taga.

Littafin gajerun hotuna ne, kuma kusan kowanne yana da lissafi a ƙarƙashinsa. A « L'Ouvroir » ɗakin canza kaya ya koma shagon ɗinki, mata suna faci suna sāƙa tsakanin fitowa da fitowa. A « L'Affamé » wani saurayi cikin ayarin yana zille ma abokai lokacin cin abinci, yana horar da cikinsa, domin ya tara abin da zai rayu da shi idan yawon ya ƙare aiki ya yanke. A « L'Enfant de Bastienne » mai rawa tana shayar da jaririnta a bayan dandali ta koma ta ci gaba. Akwai kuma wadda bakinta ba ya rabuwa da zancen yajin aiki, domin ana sa su gwaji da wasan rana ba a biyan su. Ko a labarin farko, « La Halte », inda jirgin ƙasa ya ajiye ayarin a wani ƙaramin gari suka fita yawo cikin hasken bazara, abin da rana ta tona shi ne koɗewar tufafinsu da gajiyar fuskokinsu. Haka ma a « La Vagabonde » na 1910: Brague, abokin wasan Renée Néré, yana wahalar da ita a gwaji, yana kuma lissafin yadda za su haɗa kayansu a akwati guda domin kada kuɗin awo a tasha ya cinye musu riba. Attajirin da ke neman auren Renée bai fahimci wannan ba, kuma rashin fahimtar tasa na cikin abin da ya raba su. Colette ba ta neman a tausaya ma mutanenta. Tana ƙirga tamma ne tare da su, shi ya sa mai karatu yake yarda da ƙyallin idan ta kai ga bayyana shi.

Amalric ya ɗauko tashar jirgi da otal da gajiya daga wajenta, sai dai ya sauya wanda ke ɗauke da damuwar kuɗi. A fim ɗin Joachim ne ke bin waya, shi ke roƙo, shi ke cusa alawar otal a aljihu, shi ake wulaƙantawa. Matan suna dariya, suna shan giya, suna rarrashinsa kamar uwaye. Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A nan an nuna gardin ne yana shan bugu, aka ce a ji tausayinsa, kurar kuma aka nuna ta cikin ƙoshi. Ba ƙarya ba ne cewa masu shirya wasa suna karyewa. An san cewa mutuwar Humbert Balsan, mai shirya fina-finan da ya kashe kansa a 2005, ta taɓa Amalric, kuma inuwar mai gidan rawan nan na fim ɗin John Cassavetes na 1976, « The Killing of a Chinese Bookie », tana bin Joachim ko'ina. Amma zaɓi ne aka yi. Littafin mace a kan aikin mata ya koma fim a kan raunin zuciyar namiji, aikin matan ya zama aljannar da yake fakewa cikinta. Abin mamaki, fim ɗin da ya sa a bakin matan cewa wasan nasu ne, bai ba su ko fage ɗaya da za a ga yadda ya zama nasu ba.

Wannan giɓi yana da nauyi musamman a Faransa, ƙasar da ta daɗe tana gardama a kan ladan mai fasaha. A wani gidan sha da waƙa na Champs-Élysées ne, a 1847, marubucin waƙa Ernest Bourget ya ƙi biyan abin da ya sha, tun da ana rera waƙarsa a wurin ba a biya shi ba. Shari'ar da ta biyo baya ita ta share hanyar kafa SACEM a 1851. Wato tun wancan lokaci mai waƙar da ake rawa a kanta yana da hukumar da ke karɓar masa haƙƙi duk daren da aka kaɗa ta. Mai rawar kuwa, ko da yake dokar 1957 ta amince da tsarin rawa da wasan ishara a matsayin aikin mai shi, in an adana su a rubuce ko ta wata hanya, kare dabarar mintoci biyar daga masu kwaikwayo abu ne mai wuya. Haka nan tsarin tallafin ƴan wasa na Faransa yana neman awa 507 na aikin da aka bayyana ma hukuma cikin wata 12 kafin a sami kuɗin zaman jira. Taɓa wannan tsari ne ya jawo yajin aikin da ya sa aka soke bikin wasannin Avignon a 2003, shekara 90 bayan yarinyar Colette mai mafarkin yaji. Awannin manna dutse a gida ba sa shiga wannan lissafi, matan « Tournée » kuma daga ƙasar da ba ta da irin tsarin suka zo. Ba a ce fim ya zama takardar kotu ba, amma wanda ya sami lokacin nuna Joachim yana zolayar mai sayar da man mota ta bayan gilashi, fage mai daɗi ƙwarai, zai iya samun minti biyu na allura da zare.

Sau biyu fim ɗin ya kusanci maganar. Na farko shi ne Evie Lovelle, ƙaramar cikinsu, wadda ke jin nauyin kai fitowarta ƙarshe. Ita kaɗai ce ake ganin aikinta bai gama nuna ba, sai dai an mayar da matsalar ta kunya zalla. Na biyu ya fi ƙarfi. A wani babban kanti, matar da ke karɓar kuɗi ta gane Joachim da Mimi, ta ce ta kalli wasan, ta koma gida ta gwada ma mijinta, yanzu kuma tana so ta nuna ma Joachim a nan take, a gaban layin masu saye. Ya ƙi. Yabon ya juye zagi, ta bi su da jifa. Zauren sinima yakan yi dariya a nan, amma matar ba wawuya ba ce. Ta ga mintoci biyar masu kama da sauƙi, ba wanda ya nuna mata watannin da ke bayansu, sai ta ɗauka cire riga shi ne dukan sana'ar. Abin da wasan ya yi mata, shi fim ɗin yake yi ma mai kallonsa.

A ƙarshen fim ɗin ayarin ya sauka a wani otal na bakin teku da ba kowa cikinsa, Joachim da ya yi ta neman a kashe kiɗa ya kunna nasa da ƙarfi. A bikin Cannes na watan Mayun 2010 alƙalai suka ba Amalric kyautar gwanin masu ba da umarni. Ya kira ƴan wasan suka hau dandali tare da shi, cikin kwalliyar da suka zo da ita, aka yi ta ɗaukar hoto. Sunan da aka rubuta a takardar kyautar nasa ne.